Wankan da Inna Ta Roƙa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Layi ya zo kan Inna, mahaifiyar mijina, ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti da ke Largo, a nan Amurka, bayan jinyar wata huɗu.

Kafin Azahar gidanmu na Lanham ya cika. Takalma sun taru a bakin ƙofa har sai an tsallake. Na je zaman makoki da yawa a ƙasar nan, na san yadda yake tafiya: a yi sallama, a ce ya haƙuri, a yi addu'a, a zauna, wata ta fara kuka a hankali. Na Inna bai bi wannan tsari ba. Mata suna shigowa su gaisa su zauna, sai su kalli kabad ɗin da ke kusa da ƙofa, su yi sauri su kawar da kai. Kowa ta san abin da ke ciki. Koriyar jakar Inna ce ta wankan gawa.

Maƙwabciyarmu, mutuniyar Maraɗi, ita ta fara faɗin abin da ke ran kowa. Mace ce mai ƙatuwar murya, ba ta iya raɗa ba. Ta ce, "Jama'a, kuka na nan tafe, za mu yi shi. Amma ni dai ku gaya mini, yanzu wa zai wanke mu?"

Wata ta ce, "Haba Hajiya, ko rufe ta ba a yi ba."

"Ai shi nake faɗi. Ita ɗin ma wa zai wanke ta? Shekara goma sha biyar tana wanke na kowa, yau ga ta cikin firigo, cikin sanyin asibiti, mu kuma ga mu zaune kamar buhuna."

Ina tsaye a ƙofar kicin riƙe da fulas ɗin shayi. Ni na san amsar, domin ni aka bar wa ita. Na ajiye fulas ɗin na koma kicin.

Ina rubuta wannan ne saboda jikokin Inna. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke amsawa, kuma ina tsoron wata rana abin da zai rage musu game da kakarsu shi ne tuwo da faɗa. Zan bi abin daki-daki, don kuwa haka ta koya mini, kuma ni ma haka nake so.

Na farko, yadda ta zo. Ni marainiya ce, mahaifiyata ta rasu ina da shekara tara. Da na haifi 'yarmu ta fari a nan, ba ni da wadda za ta yi mini wankan jego. Inna ta taso daga Funtuwa, mace da ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, ta zo da kanwa da gero a ƙulle cikin zane. Ranar farko na ƙi fitowa daga ɗaki, na ce yaya za a yi uwar miji ta yi wa matar ɗanta wanka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "'Yar nan, kunya mun bar ta a filin jirgi. Ruwa na hucewa." Babu ganyen darbejiya a Lanham, sai ta naɗe ƙaramin tawul ta riƙa tsoma shi tana fyaɗa mini. Safe da yamma, kwana arba'in, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kullum sai ta gwada zafin ruwan da gwiwar hannunta kafin ya taɓa jikina. Wata uku ta zo yi. Ba ta koma ba sai ziyara.

Na biyu, yadda ta fara. Shekarar da ta biyo bayan harin da ya rushe dogayen benayen nan biyu na Amurka ce, lokacin da muke tsoron fita da hijabi, muna ɗora hular sanyi a kan ɗankwali kafin mu shiga jirgin ƙasa. Wata ɗaliba 'yar gida da ke zaune a Annandale ta rasu a haɗarin mota. Ba ta da kowa a nan. Kafin labari ya iso ga mutanenmu, gidan shirya gawa sun riga sun shirya ta yadda suka saba yi wa nasu. Ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya gaya musu komai. Matan da suka je tare da Inna suka ce sun same ta cikin doguwar riga, kai a buɗe, an taje gashi, an shafa mata jan baki, maza suna shiga suna fita. Inna ba ta jin Turanci. Ta ɗaga hannu ta nuna wa mazan ƙofa, suka fita. Ta sa gefen mayafinta ta goge jan bakin. Sannan ta nemi ruwa da ishara, ta wanke ta yadda goggonta ta koya mata a Funtuwa. Da ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Ta ce wa mijina, "Ashe a ƙasar nan mace tana iya mutuwa a bar ta a buɗe." Tun daga ranar ba ta sake sakin jiki da ƙasar nan ba. Ta sa aka saya mata jaka.

Abin da ke cikin jakar ban taɓa ganin ya canza wuri ba: likkafani yankakke a ƙasa, baƙin zane mai kauri a kansa, sai auduga, almakashi, safar hannu, mataji, sabulu marar ƙamshi, kafur, da dakakken ganyen magarya a gwangwanin madara. Magaryar daga gida ake kawo ta. Akwai shekarar da aka tsare mijina a filin jirgi saboda ita. Koren gari ne a leda, babu rubutu, ga shi da gemu. Aka shigar da shi wani ɗaki awa biyu, muna waje ba mu san ko za mu sake ganinsa ba. Da ya fito ya ce, "Inna, don Allah daga yau sabulu ya isa." Ta ce, "Sun ba ka abina ko sun riƙe?" Sun ba shi. Ta karɓa ta shinshina ta ce ba ta daku sosai ba.

Na uku, karatun Asabar. Kowace Asabar bayan Azahar mata suna taruwa a ɗakinmu na ƙasa, Inna tana ba su tarihin matan farkon Musulunci, Allah ya ƙara musu yarda. Ba ta riƙe littafi. A Islamiyyar matan aure ta koya, kuma bi da bi take kawo su, ba ta yarda a tsallake. Tana farawa da Nana Khadija, attajirar da ta fara ba da gaskiya, ta ƙarar da dukiyarta a kan addini. Masu shago suna son wannan. Sai Sumayya, wadda aka kashe a Makka saboda ta ƙi komawa. Sai Asma'u 'yar Abubakar da ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin hijira. Sai Nana A'isha, wadda manyan maza suke zuwa tambaya a bayan labule. Nan likitocinmu da malaman jami'a suke gyara zama. Sai Nusaiba, da ta tsaya a Uhudu tana kare Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka sare ta a kafaɗa.

Inna ba ta ba da labarinsu kamar na mutanen da suka yi nisa. Sai ka ce jiya ta rabu da su a gidan suna. Idan wata ta yi ƙorafin sanyi da kewar gida, sai ta kawo Asma'u 'yar Umaisu, wadda ta yi shekaru a Habasha. Takan ce, "Ita ma ta yi zaman ƙasar waje. Amma da ta dawo, ta dawo da abu." Sai ta faɗi abin. Nana Faɗima ta nuna ba ta son yadda ake ɗaukar gawar mace da mayafi kawai a kanta, har a gane siffar jikinta. Asma'u ta nuna mata abin da ta gani a Habasha, ta lanƙwasa ɗanyen reshen dabino ta yafa zane a sama. Nana Faɗima ta ji daɗi, ta yi wasiyya cewa Asma'u tana cikin masu wanke ta. Inna takan rufe da cewa, "'Yar Annabi, ba mutuwar ce ta dame ta ba. A gan ta ne ya dame ta. To ku me kuka koya a Amurka da za ku rufa wa wata asiri da shi?"

Daga nan sai ta shiga Ummu Aɗiyya, wadda ta wanke Zainab 'yar Annabi, shi kuma ya gaya musu yadda za su yi: sau uku ko biyar ko fiye, da ruwa da magarya, a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a sa kafur a na ƙarshe. Suka yi mata kitso uku suka mayar baya. Inna takan ɗauko 'yar tsanar jikarta da baƙin zane don ta nuna.

A nan ne kullum ɗakin yake watsewa. Wannan ta tuna za ta ɗauko yara. Waccan tana da aikin yamma. Mutuniyar Maraɗi takan miƙe ta ce, "Bari in duba tukunya, na ji ƙauri," alhali tukunyar a gidana take, kuma ni ke girkin. A ƙasan ransu suna ganin duk wadda ta koyi wankan gawa ta kira mutuwa gidanta. Ba a faɗa, amma haka ne. Da masu digiri da marasa shi, duk ɗaya. Shekara da shekaru an zagaya tarihin nan sau ba adadi, kowa ta haddace Nana Khadija, ba wadda ta tsaya ta ga ƙarshen Ummu Aɗiyya. Inna takan kalli ƙofa ta ce, "Kowa na son Khadija mai raƙuma. To ita ma wanke ta aka yi."

Ni kaɗai nake zama, don gidana ne, ba ni da inda zan gudu. Na haddace tsarin tsaf. A kan 'yar tsana ba na kuskure.

Duk tsawon shekarun nan mai zuba mata ruwa wata tsohuwa ce 'yar Gana, wadda daga baya ta koma gida. Inna kuma ba ta taɓa faɗin abin da ta gani a jikin kowa ba. Mata sukan zagayo da tambaya: "Inna, an ce wance ta rame sosai ko?" Amsarta ɗaya ce: "Na ga ruwa, na ga magarya."

Na huɗu, faɗanmu. Bayan tafiyar tsohuwar nan wata mata ta rasu a Largo. Inna ta ce in zo in zuba mata ruwa. Na tuƙa ta har wurin. Muka shiga ɗakin, farin tayil ko'ina, teburin ƙarfe a tsakiya, sanyi kamar cikin firiji. Na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi. Ban gaya wa Inna ba a lokacin, amma ranar da mahaifiyata ta rasu ba wanda ya gaya mini. Na shiga ɗakinta na kama ƙafarta don in tashe ta. Sanyin nan bai bar tafin hannuna ba har yau. Na saki butar, na fita, na shiga mota na kulle. Inna ta yi wankan ita da 'yar mamaciyar.

Da ta fito ta shiga motar, muka hau babban titi. Ta ce, "Nusaiba ta tsaya gaban masu takobi. Ke kin gudu daga wadda ba ta iya ɗaga yatsa."

Na ce, "Inna, ni ba Nusaiba ba ce. Ni mai dafa abinci ce a makarantar firamare."

"Ita ma ruwa ta je bayarwa. Da salka ta fita, ba da takobi ba."

Na ce kada ta sake kira na wannan aiki. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Kwana tara ba ta kira ni 'yar nan ba. Idan tana son abu sai ta ce wa jikarta, "Gaya wa matar ɗana." A rana ta goma na kai mata kunu na durƙusa na gaya mata labarin ƙafar mahaifiyata. Ta ce, "Da kin faɗa tun farko." Ba ta sake kira na wankan gawa ba. Na ɗauka magana ta mutu.

Na biyar, wasiyya. Saura kwana shida ta rasu, na je asibiti da rana bayan na tashi aiki. Ta sa mijina ya fita. Inna mace ce da ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta kama hannuna ta ce, "Za su sa ni cikin sanyin nan. Na san wurin, na sha ɗauko mutane daga ciki. Kada ki bari in daɗe. Kada namiji ya buɗe ni." Na ce in sha Allahu. Ta ce, "Kuma ke za ki wanke ni."

Na ce, "Inna, kin san halina. Akwai matan masallaci, sun iya, suna yi da kyau."

"Sun iya, Allah ya biya su. Amma in su suka wanke ni, jakar nan ta mutu tare da ni. Gobe wata 'yar gida za ta rasu a inda ba su ji ba." Ta huta, ta ja numfashi. "Na wanke ki kwana arba'in, safe da yamma. Ni sau ɗaya nake roƙo."

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Nas ta shigo, na samu hanyar fita. Wannan shi ne abin da ya fi damuna: ta rasu ba ta ji amsata ba.

To, na dawo ranar Talata. Bayan La'asar mijina ya kira ni gefe, idonsa ja. Ya ce ya yi magana da masallaci, mata uku za su zo da safe su yi wankan, a yi salla bayan Azahar. Ya san da wasiyyar, don na gaya masa. Ya ce, "Ba wanda zai ga laifinki. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba." Gaskiya ya faɗa, kuma na so in karɓa. Kalma ɗaya zan ce, shi ke nan. Na juya na ga kabad ɗin. Na ce masa ya gode musu, ya kuma gaya musu ɗaya kawai ta zo ta tsaya a kusa ko zan faɗi. Sannan na shiga falo na tsaya gaban mutuniyar Maraɗi na ce, "Hajiya, ke kika yi tambaya. Gobe ƙarfe takwas za ki zuba mini ruwa."

Ta dafe ƙirji. "Ni? Mi na sani?"

"Zuba ruwa kin sani. Kuma babu tukunya a can."

Da safe na ɗauki jakar. Ɗakin nan ne dai, tayil ɗin nan, teburin nan. Matar masallaci ta tsaya a bakin ƙofa. Na tara ruwa mai ɗumi na gwada da gwiwar hannu. Inna ma haka take yi wa kowace gawa. An taɓa ce mata ai mamaci ba ya ji, ta ce, "Ni ina ji." Muka shimfiɗa baƙin zanen a kanta kafin mu zare mayafin asibiti ta ƙasa. Na sa safar hannu. Na yi niyya. Na tsarkake ta ta ƙarƙashin zane, na fara yi mata alwala. Hannuwa, fuska, kai, duk na wuce. Da na zo ƙafa na kama, sanyin ya ratsa safar. Shi ne dai, na shekara tara. Na tsaya. Na ga ƙofa, na ƙirga taku huɗu ne tsakanina da ita.

Sai na ji murya a kusa da kunnena, ƙasa-ƙasa. Mutuniyar Maraɗi ce, karo na farko a rayuwarta da ta yi raɗa. Ta ce, "Daga nan sai ina? Dama ko hagu?"

Na ce, "Dama."

"To ga ruwa."

Tsoron bai tafi ba. Amma bayan dama akwai hagu, bayan na farko akwai na biyu, kuma na san abin da ke biye da kowane. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Magarya. Ruwa. A na uku na sa kafur. Na tsane ta, na taje kanta, na yi mata kitso uku na mayar baya, kamar yadda Ummu Aɗiyya ta yi. Muka sa ta a likkafanin da ita da kanta ta yanka. Baƙin zanen bai zame ba ko sau ɗaya. Aka sa ta a akwatin katako mai murfi. Wannan ne kaɗai abin ƙasar nan da Inna ba ta taɓa kushewa ba. Takan ce da Nana Faɗima ta gan shi da ta yarda da shi.

Da muka dawo daga maƙabarta mata suka kewaye ni. Wata ta matso ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Yaya kika gan ta? An ce ciwon ya cinye ta."

Na ce, "Na ga ruwa, na ga magarya."

Kwana ashirin da uku bayan haka waya ta yi ƙara ina tsakiyar raba wa yara abinci a makaranta. Wata baiwar Allah ta rasu a Annandale. Ba su tambaye ni ko zan iya ba, adireshi kawai suka ba ni. Na nemi izini, na biya gida na ɗauki jakar, na ɗauki mutuniyar Maraɗi. Har yau duk lokacin da na ga lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi, kuma ban sa ran hakan zai daina ba.

Ga sanarwa ga matan da suka saba zuwa. Karatun Asabar zai ci gaba bayan Azahar, a ɗakin da kuka sani. Ba ni da ilimin Inna, abin da na ji daga bakinta shi zan maimaita. Abu ɗaya na canza. Daga Ummu Aɗiyya za mu fara, sai mun gama ta mu koma kan Nana Khadija. Kowa ta ɗauko yaranta tun da wuri. Ranar ba zan ɗora tukunya ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa matan mutane, ya haɗa ta da waɗanda ta ƙare rayuwarta tana ba mu labarinsu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa akwai wadda ta tsaya har ƙarshen karatu. Amin.